Ƙotar Wuƙar Gado: In An Sake Ta, Wuƙar Ce Ko Wata Ce?

 

Ya ku ƴan'uwa, a gidaje da yawa na ƙasar Gamu da sauran garuruwan gundumar Gure akwai wuƙar da ba a saya a kasuwa ba, gadonta aka yi. Wuƙar farauta ce ta uba ko ta kaka, tana rataye cikin kubenta a jikin bango, ko tana ƙarƙashin shimfiɗar mai gida. Ruwanta, wato ƙarfenta, ya sirance saboda yawan washi, amma har yanzu in an goga shi a dutse yana ɗaukar kaifin da wuƙar kanti ba ta ɗauka. Ƙotar ce ta gaji. Gumin hannu da jini da maiƙo na shekaru sun shige ta, hunturu ya tsattsaga ta, fatar da aka naɗe ta da ita ta warware, wutsiyar ƙarfen da ke cikinta tana rawa. Sai ka ga an ɗaure ta da waya ko da robar tsohuwar taya. In ka ce wa mai ita ya kai wa maƙeri a sake mata ƙota, sai ya girgiza kai. Wani ya ce yatsun mahaifinsa ne suka yi wannan gurbi a jikin itacen, ba zai iya jefar da shi ba. Wani ya ce in an sake ƙota ai ba wuƙar Baba ba ce kuma. Wani kuwa ba zai faɗi dalilinsa a gaban liman ba, amma kowa ya san shi, za mu kuma zo gare shi.

Maganar ta yi kama da ƙarama. Sai dai a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta daɗe tana wahalar da masu hankali: abin da aka sake wani sashe nasa, shi ne har yanzu, ko ya zama wani? Kuma amsar da mutum ya bayar tana da tasiri a kan gado, da wasiyya, da halaccin naman da zai ciyar da iyalinsa.

Wani marubuci na Yunanawa mai suna Fulutarkus, wanda ya rayu a ƙarni na farko da na biyu na Miladiyya, ya ba da labarin wani jirgin ruwa na tarihi da mutanen birnin Atina suka ajiye suna girmamawa. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire shi su sa sabo, har masanansu suka rabu biyu, waɗansu na cewa jirgin yana nan, waɗansu na cewa ya tafi. Bayan ƙarnuka, a ƙarni na 17, wani masani a Ingila mai suna Tomas Hobis ya ƙara wa tambayar nauyi, ya ce a ƙaddara wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan yana tarawa, har ya harhaɗa jirgi da su, wanne ne jirgin na asali? Ba sai mun je teku ba. A ce wa ya ɗauki ruwan wuƙar ya sa masa sabuwar ƙota, ƙane ya ɗauki tsohuwar ƙotar ya sa mata sabon ƙarfe, kowanne yana rantsuwa cewa wuƙar ubansu tana hannunsa. Wa ya yi gaskiya?

Malamanmu na fiƙihu ba su zauna kan wannan tambaya don nishaɗi ba. Shari'a ce ta kawo musu ita, domin mutane suna yin wasiyya da abu sannan su taɓa shi kafin su mutu. Shehu Halilu ɗan Is'haƙu, mai Muhtasar, wanda ya rayu a Misira a ƙarni na takwas na Hijira, ya rarrabe canji iri biyu a babin wasiyya. In mutum ya yi wasiyya da zare sannan ya saƙa shi, ko da tunkiya sannan ya yanka ta, ko da azurfa sannan ya ƙera ta, wasiyyar ta ɓaci, ana ɗaukar aikinsa a matsayin janye magana. Amma in ya yi wasiyya da gida sannan ya yi masa shafe, ko da tufa sannan ya rina ta, wasiyyar tana nan, wanda aka yi wa ita ya ɗauki abin tare da ƙarin da aka yi masa. Ku dubi ma'aunin da kyau. Zaren da aka saƙa ba a ƙara kiransa zare, ba a kuma yin aikin zare da shi. Tunkiyar da aka yanka ta zama nama. Gidan da aka shafe kuwa sunansa gida, kwana ake yi a cikinsa jiya da yau. Ke nan abin dubawa shi ne suna a bakin mutane da kuma aikin da aka yi abin dominsa.

In muka auna wuƙarmu da wannan ma'auni, kuma wannan kiyasi ne nawa, sake ƙota ɗan'uwan shafen gida ne. Aikin wuƙa yanka ne, yanka kuwa a ƙarfe yake. Wanda ya riƙe ruwan wuƙar shi ke riƙe da wuƙar uba, ko da an sake mata ƙota sau uku. Wanda ya riƙe tsohuwar ƙota da sabon ƙarfe yana da sabuwar wuƙa mai tsohon mariƙi. Ranar da aka kai ƙarfen maƙera aka buge shi ya koma lauje ko aska, ran nan ne wuƙar ta ƙare. Al'adarmu ma ta shaida haka, domin babu manomin da ke cewa ya yi sabuwar hauya don ya sake mata ƙota da bazara.

Daga nan hukunci na farko ya fito, kuma shi ne wanda aka fi takewa. Tun da sabuwar ƙota ba ta mai da wuƙa wata ba, to ba ta mai da ita mallakar wanda ya biya maƙeri ba. An saba a ƙasarmu babban ɗa namiji ya kwashe kayan aikin uba, baka da kwari da mashi da wuƙa, a ce ai kayan maza ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, shi ya fi dacewa ya riƙe su. Amma dacewa daban, mallaka daban. Duk abin da mamaci ya bari, babba ko ƙarami, dukiyar magada ce gaba ɗaya, har da matarsa da ƴaƴansa mata da marayun da ba su yi wayo ba. Sai a yi wa wuƙar kima a sa ta cikin rabon wanda zai ɗauka, ko manyan magada su yafe masa rabonsu da daɗin rai. Rabon yaro ƙarami ba ya yafuwa da bakin wani. Mutumin da ya gyara wuƙar kafin a raba gado yana iya neman a mayar masa da abin da ya kashe, in da yardar sauran ya yi gyaran. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce tun da ni na raya ta, ta zama tawa. Na san za a ce wa zai tada maganar gado a kan wuƙa guda? Sau da yawa kuwa ba a tada ta, ƴar'uwa ta yi shiru don kunya, haƙƙin kuma yana nan rubuce.

Yanzu mu koma ga mai cewa ba zai taɓa ƙotar ba don ƙaunar mahaifinsa. Ba na raina wannan dalili. Gaskiya ne a jikin wuƙa babu inda ya san hannun mai ita kamar ƙota. Ƙarfe ya san dutsen washi da wuyan dabba, itace ne ya san tafin hannu. Wanda ya riƙe tsohuwar ƙota ya ji yatsunsa sun zauna inda na mahaifinsa suka zauna, ba laifi ba ne in zuciyarsa ta motsa. In zai ajiye wuƙar a cikin kube ya daina aiki da ita, babu mai ce masa komai.

Matsalar ita ce ba ajiyewa ake yi ba. Ranar layya, ko ranar suna, ita ake ɗaukowa, a ce da tsohuwar zuma ake magani. A nan ne ƙauna ke iya zama cuta. Yanka a mazhabar Imamu Malik shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya guda biyu, ta gaba, ba tare da ɗauke hannu ba kafin a gama. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa wanda ya yanke wani sashe ya ɗauke hannunsa, sannan ya mayar ya ƙarasa, ba a cin abin da ya yanka. Masu sharhi sun yi tafsili game da wanda ya mayar da hannu nan take da wanda lalura ta tilasta, amma wane mai hankali ne zai jefa ragon layyarsa cikin saɓanin malamai da gangan? Ku yi tunanin abin da ke faruwa in ƙota tana rawa. Mai yanka ya danna, ruwan wuƙar ya juya a cikin itacen, kaifi ya kauce, jini ya jiƙa robar da aka ɗaure ta da ita ta yi santsi. Ko dai ya ɗaga hannu ya gyara riƙo, ko ya ci gaba da gurzawa kamar mai zarto, dabba tana shure-shure a ƙarƙashinsa. Ga hannun yaron da ke riƙe da kan ragon, tazarar yatsu kaɗan ce tsakaninsa da kaifin.

Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim ya umurci mai yanka da ya kyautata, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Kowa ya haddace maganar washi. Amma manufar ita ce hutar da dabba, kuma kaifi ba ya hutar da ita in hannu bai mallaki wuƙar ba. Saboda haka nake ganin gyaran ƙota yana shiga cikin wannan umurni kamar yadda washi ya shiga. Su kansu maharban da suka bar mana waɗannan wuƙaƙe sun fi mu sanin haka. Dabbar da aka harba aka same ta da sauran rai tabbatacce sai an yanka ta kafin ta halatta, har malamai suka ce in maharbi ya yi sakaci ya bar wuƙarsa cikin jaka ko a hannun wani, dabbar ta mutu kafin ya ɗauko, ba a ci. Mutumin da abincin gidansa ya rataya a kan wannan ɗan lokaci ba zai shiga daji da ƙota mai rawa ba. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai cewa ƙotar da ɗa yake tsoron taɓawa ba ita ce ta farko ba, uban da kansa ya sake ta a zamaninsa.

Akwai wani labari a Sahihul Buhari da ya haɗa gefen biyu na wannan mas'ala. Ƙoƙon sha na itace na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance a hannun Anas ɗan Malik. Ya tsage, aka ɗaure tsagin. A jikinsa kuma akwai wani zobe na baƙin ƙarfe, sai Anas ya so ya musanya shi da na zinariya ko azurfa, Abu Ɗalha ya hana shi canja abin da Manzon Allah ya yi, shi kuwa ya bari. Ku lura, tsagin da ke hana ƙoƙon aiki an gyara shi, zoben da lafiyarsa lau an bar shi yadda yake. Wannan ita ce iyakar da nake kira gare ta. A gyara abin da ya lalace, a ƙyale abin da ke aikinsa, kada gyara ya zama ƙofar ado da fahariya.

Domin wani in ya yarda zai sake ƙota, sai ya wuce gona da iri. Risala ta halatta adon azurfa ga namiji a zobe da takobi da Mus'hafi, ta hana shi a linzami da sirdi da wuƙa, ta ambaci wuƙa da sunanta. Haka nan ƙahon mushe da ƙashinsa ba su da tsarki a mazhabarmu, don haka mai son ƙotar ƙaho ya tabbata na dabbar da aka yanka ne, balle ga wanda ke shiga salla da wuƙarsa a ɗamara. Itace ya isa, kuma Allah Ya ba mu mai kyau. Aduwa, wadda da ita ake sassaƙa allunan makarantunmu, tana da tauri da nauyi, magarya ma tana yi. Sharaɗi shi ne ya bushe sarai, domin ɗanyen itace yana tsukewa in ya bushe, ya saki ƙarfen bayan wata biyu. Maƙerin kirki yakan huda itacen, ya ɗumama wutsiyar ƙarfen ya cusa ta har ta ci wa kanta gurbi, yana kare kaifin da jiƙaƙƙen tsumma kada zafi ya kai gare shi ya kashe masa ƙarfi. In wutsiyar mai faɗi ce sai ya haɗa ta da fallen itace biyu ya buga ƙusoshi. Baduku kuma ya naɗe da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe ta matse kamar an zuba ta. Abu ɗaya za ka tsaya a kansa a maƙera: a sassaƙa itacen ya dace da ƙarfen. Mai gaggawa yakan ɗauko ƙotar da ya riga ya sassaƙa, ya ga wutsiyar ta yi mata girma, sai ya sa magagari ya rage wutsiyar. Wannan ya ɓata maka abin da ba ya sakuwa don ya tsirar da abin da ake samu a kowane kurmi.

Saura dalili na uku, wanda na ce ba a faɗa a gaban liman. Waɗansu tsofaffin wuƙaƙen farauta akwai laya ko ƙulli a ƙarƙashin fatar ƙotarsu, magada kuma suna jin cewa sa'ar gidan tana ciki, in an kwance ta wani abu zai sami mai kwancewa. Ƴan'uwa, itace da fata da abin da aka cusa tsakaninsu ba su mallaki amfani ko cuta ga kowa ba. Wuƙar da ta kasa riƙe ƙarfenta ba za ta riƙe arzikin gida ba. Buhari da Muwaɗɗa sun kawo labarin wata baiwa ta Ka'abu ɗan Malik mai kiwon tumaki, ta ga wata tunkiya za ta mutu, ta ɗauki dutse mai kaifi ta yanka ta da shi, aka tambayi Manzon Allah ya yi umurni a ci. Dutse ne daga ƙasa, ba gado, ba asiri. Halacci ya zo daga ambaton Allah da zubar da jini yadda aka shar'anta. In ka kwance ƙotar ka sami takarda mai sunan Allah ko aya, ka girmama ta saboda abin da ke rubuce, ka ɗauke ta daga wurin jini da ƙazanta. In kuwa ka sami gashi da farce da zare mai ƙulle-ƙulle, ka warware ka ƙone, ka nema wa mahaifinka gafara, kada kuma ka mai da abin hira a kasuwa, domin suturta mamaci haƙƙinsa ne a kanka.

Wani mai lura zai iya kama ni da maganata. Zai ce: Malam, ka ce abu yana nan matuƙar sunansa da aikinsa suna nan. To wannan wuƙar farauta ce, ina farautar? Tambaya ce mai nauyi, ba zan kauce mata ba. Dajin da kakanninmu suka sani, daga duwatsun Kutus zuwa Tarmit, ba shi ne na yau ba. Farin 1973 da 1974, da na 1984, da bindiga da mota, sun haɗu sun share abin da baka da tarko ba su share ba cikin ƙarnuka. Mariri ya ƙare a daji har aka bayyana haka a duniya a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata zuwa dajin ƙasar Cadi. Jimina, wadda gashinta ya taɓa zama hajar fatake masu ƙetare Sahara, ta kai ga sai an killace ta ana kiwo a Kelle, cikin wannan gunduma tamu, don kada irinta ya ɓace. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ke ɗauke da sunanta, kaɗan ce ta rage. Hukuma ta kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998, ta kuma keɓe gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012. Tun kafin wannan duka, Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce.

Amsata ita ce, ko a hannun maharbin ma aikin wuƙar bai taɓa zama kora ko harbi ba. Kibiya da kare da tarko su ke kamawa. Wuƙa tana zuwa daga ƙarshe, ta halatta naman, ta taƙaita wa dabba wahala, ta feɗe, ta raba wa maƙwabta. Wannan aiki yana nan a ƙofar kowane gida mai akuya. Saboda haka wanda ya sake ƙotar wuƙar kakansa don ya yanka layyarsa da kyau ya ci gaba da aikin kakan. Wanda ya sake ta don ya bi ragowar barewa da babur cikin dare, ya sayar da naman a ɓoye, ya riƙe ƙarfen kakansa amma abin da yake yi ɓarna ce a bayan ƙasa da saɓa wa doka, ga shi kuma yana hana jikokinsa ganin dabbar da sunan gidansu ya tashi a kanta.

Game da tsohuwar ƙotar da aka cire, tun da itace ce kawai, mai ita yana da zaɓi. In ya so ya jefa ta murhu, babu zunubi. In ya so ya ajiye ta cikin akwati don ya riƙa tunawa da mai ita yana yi masa addu'a, babu laifi, muddin bai jingina mata wani tasiri ba. Na fi son ma ya tafi da ita maƙera ya ajiye a gaban maƙeri, a auna tsawonta da kaurinta, a dubi inda ta lanƙwasa da inda aka yi mata tudu don kada hannu ya zame zuwa kaifi. Tsohon da ya sassaƙa ta ya san abin da jini ke yi wa riƙo, kuma ba kowane maƙerin yau ne ya taɓa feɗe dabba a daji ba. In an gama, a jarraba sabuwar a kan itace da busasshiyar fata tun saura kwanaki, kada safiyar layya ta zama ranar gwaji.

Allah Shi ne Mafi sani.